Guntun Igiyar da ke Cikin Ƙwarya

Ku zauna, ku zauna, ba a tsaye ake karɓar ƙwarya ba. Kai Sabi'u, mai da salular nan aljihu, ba hoto na kira ku ɗauka ba. Na ji duk abin da aka faɗa a taron ƙungiya, ai kunnena bai mutu ba tukuna, gwiwa ce kawai ta gaji. An ce Inna Tasalla ta tsufa, a hutar da ita. Madalla, Allah ya yi muku albarka. An ce rabon kayan garka ba wani aiki ba ne, a zube shu, kabeji ke nan, da tumatir a tabarma, a kasa, kowa ya kwashi nasa ya kama gabansa. An kuma ce an leƙa ƙwaryata an ƙirga alamomin da ke ciki, an tarar sun fi gidajen ƙungiya da guda ɗaya. Wai akwai wani ƙazamin guntun igiya da ba na gidan kowa ba, amma duk Alhamis sai ya ci tsibi guda cur, saboda haka a fitar da shi. Iye! Masu ido ke nan. Shekara da shekaru manya suna wuce igiyar nan kamar ba su gani ba, ku daga zuwanku har kun gano ɓarna.

Zan ba ku ƙwaryar, ba da ita za a binne ni ba. Amma sai kun ji yadda ake aikin, in ya so ku yi abin da kuka ga dama.

Garkar nan ta kwarin hanyar Dungu, da kuka buɗe ido kuka gan ta da shingen waya da injin ban ruwa, da ba haka take ba. Rijiya ɗaya ce, da guga, da igiya, da ƙashin bayanmu. Sharaɗin dai shi ne na yanzu: kowane gida ya ba da mutum ɗaya na ban ruwa safe da yamma, tun daga an kai gero rumbu har zafi ya shigo, abin da ya nuna kuma ba na mai fangali ba ne, na kowa ne, a tsinke ran Alhamis a raba. Ku da kuke zuwa sai rana ta ɗaga, da rigar sanyi mai hula, ba ku san ɗarin kwari ba. Ruwan rijiya da sassafe ɗumi gare shi, yaudara ce kawai. Sai ka fito da hannu iska ta buge shi, kafin mako ya zagayo yatsunka sun tsage, ko ƙullin zane ba ka iya kwancewa.

Aikin mai rabo ba a tabarma yake farawa ba, tun daga ranar zuba iri ne. Akwai shekarar da na kwanta jinya, aka bar wa maza shawara. Da zafin nama suka zuba salati gaba ɗaya rana ɗaya, fangali bayan fangali, suna ta yabon kansu. Rana ɗaya ya tashi, rana ɗaya ya isa yanka. Muka ci salati da safe, muka ci da rana, muka kai wa surukai, har awaki suka fara shinshinawa suna kau da kai. Bayan nan aka yi makonni ana zuwa ranar rabo a kalli tabarma, tabarma ta kalle mu. Mai rabo ita ce ke cewa wannan fangali yau, wancan sai bayan kasuwa biyu. Salati da yakuwa su buɗe lokaci, shu da karoti su riƙe tsakiyar ɗari, tumatir ya biyo, albasa ta rufe. In zafi ya fara leƙowa a yanka tumatir a shanya, a daka ganyen albasa a yi gabu, don kada Alhamis ɗin ƙarshe ta zo kwando ba komai.

Wurin Gwaggo Hurera na koyi kasawa, Allah ya jiƙanta. Gajeriyar mace ce, kullum da goro a kumatu, ban taɓa jin ta yabi ɗan Adam ba. Ita ta fara rabon nan. Ranar farko ta turo min kwandon tumatir da ƙafa ta ce, “Kasa min.” Na zauna na kasa, na jera, har ina ja da baya ina kallon aikina. Ta ce, “In aka ce ki zaɓa, wanne za ki ɗauka?” Ni kuwa da rawar kai na nuna na gefen dama. Ta sa hannu ta rushe su duka ta ce, “Tunda kina da wanda kike so, ba ki raba ba. Sake.” Haka muka cinye ɗarin shekarar nan, ina kasawa tana rushewa, har na fara mafarkin tumatir. Sai wata Alhamis ta yi min tambayar, na duba, na sake dubawa, na ce, “Wallahi Gwaggo, ko wanne.” Ta tofar da goro ta ce, “To.” Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Na ji kun ce za ku kawo sikeli. Ku kawo, ba laifi, zai yi kyau a hoto. Sai dai sikeli bai san tumatirin da zai ruɓe gobe ba. Kowane tsibi sai an sa masa nunanne na miyar yau, da mai ja-ja na jibi, da ɗanye da zai kai su ƙarshen mako. Shu kuma ba girma ake dubawa ba, a tafin hannu ake jin sa, wani ƙato ne amma iska ce a ciki, wani ɗan dunƙule ne amma ya fi dutse. Salati shi ake kasawa a ƙarshe, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba kafin a gama ya yi laushi kamar kunnen tunkiya. Kayan aikina ke nan duka: tabarma, wuƙa, tsumma, ƙwarya, sai hannun nan biyu da kuke cewa suna rawa.

Ƙwaryar kuwa ita ce ke hana a ci mutuncin mai rabo. Kowane gida da alamarsa a ciki, wani ƙwallon dabino, wani murfin kwalba, wani tsohon mabuɗi, wani wuri irin na kuɗin da. In na gama kasawa sai in koma gefe in naɗe hannu. A leƙa hanya a tsai da duk wanda Allah ya kawo, ko mai amalanke daga Icirnawa, ko Bafillata mai nono, ya sa hannu a ƙwarya ba tare da ya duba ba, yana jefa alama a kan kowane tsibi. Inda alamarka ta faɗa, nan ne rabonka. A ba shi karoti ya ƙara gaba.

Kuna tsammani da haka an huta? Mutum fa ake rabawa. Akwai wadda ko tsibinta ya kai rufin ɗaki, idonta na kan na maƙwabciya. Akwai wadda kullum sai ta ɗaga shu ɗinta ta juya shi tana tsaki, kamar ni na haife shi. Akwai kuma wata, ba zan faɗi suna ba don jikarta na zaune a nan, da ƙanen mijinta ya riƙa “wucewa” ta hanyar garka duk Alhamis daidai lokacin rabo. Mutumin da gidansa ke can bayan tasha, ba gona gare shi a kwari ba, ba akuya. Alamarta mabuɗi ce, mai sauƙin lalube. Ta ƙyafta masa ido wajen tsibin da take so, ya lalubo mabuɗi ya jefa. Na bar su suka yi, suka sake yi. Rannan tun kafin ya iso na ce yau kowa ta yi musanyar alama da ta kusa da ita. Bawan Allah ya zo yana wucewarsa, ya lalubo mabuɗi, ya jefa kan tsibin da ya ga ya fi sheƙi, ashe ya ba matar da ba sa ga maciji da ita. Tsibin nan daidai yake da sauran, na rantse, amma sai da ta yi mako da ciwon kai.

To, mu zo kan igiyarku.

Rijiyar da injinku ke zuƙa yanzu, Baba Ilu ne ya gina ta. Ƙato ne a zamaninsa, ya gina rijiyoyi daga nan har Kance, shi kaɗai yake shiga da ɗan digarsa, ana zuro masa kwando. Daga baya wata rijiya a Dawce ta rufta masa. An ciro shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara motsi ba. Ɗansa guda ya yi arewa neman kuɗi, shiru kake ji. Gidan ya rage daga shi sai matarsa, Iya Abu. Ga shi da zuciya, wai! Mutum ne da in ka gaishe shi da tausayi a murya sai ya tambaye ka wa ya mutu a gidanku. An taɓa aika masa da zakkar gero, ya sa aka mayar har ƙofar mai ita, da saƙon cewa an yi ɓatan gida.

Gwaggo Hurera ta san halinsa. Wata Alhamis sai ta zo da guntun tsohuwar igiyar da yake sauka da ita, ta jefa a ƙwarya a gaban kowa ta ce, “Rijiya ma 'yar ƙungiya ce, ita ta fi kowa ban ruwa. Daga yau tana da rabo.” Matan lokacin ba su yi lakwal ba, wato boko, amma ba wadda ta ce rijiya da wane baki za ta ci. Kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaure kwandonsa.

Kai rabon rijiya shi ne mafi wuyar aikin nan, kuma mai rabo ce ke kai shi da kanta, ita kaɗai, a rufe. Ba a shiga a ce ga shi. Sai ka yi sallama, ka ajiye kwando can gefe kamar ka manta da shi, ka durƙusa ka ce, “Baba, rijiya ce ta kawo ni.” Sai ka kawo matsala. Shi kuma ya gyara zama, ya yi tambayoyi, ya yi faɗa, ya ba da umarni. In ya gama ka yi godiya, ka jawo kwando ka ce, “Ga ladan duba rijiya.” Da Gwaggo ta gaza, aikin ya dawo kaina. Ku da kuke cewa ba wuya, ku gwada ƙirƙiro wa lafiyayyar rijiya sabon ciwo duk mako, ɗari bayan ɗari, a gaban mutumin da ya san ta tun tana ƙasa. Yau ruwa ya yi ja. Wani mako guga na fitowa da yashi. Wani mako an ji ƙara daga ciki. Kwaɗo ya faɗa, ƙadangare ya faɗa, kaza ta leƙa. Rijiyar nan ta yi cututtukan da likitar Damagaram ba ta taɓa gani ba. Ina tafe a hanya da kwando a ka ina saƙa ƙarya ina kwancewa, wani lokaci har in iso ƙofar zaure ban samu ba.

Shi kuwa ba ya raga min. “Ku mata kun san rijiya ne? Kun dame ta da guga tsakar rana, dole ta yi fushi. Ku bar ta ta huta bayan azahar.” In ce, “To Baba.” Sai ya buɗe kwando ya ɗaga shu ya ce, “Wannan fa? Shu ne ko dunƙulen hannun jariri? Da wannan ake biyan magini?” In ce, “A yi haƙuri Baba, mako mai zuwa za a gyara.” Iya Abu na bayan ƙofa, kafin ya gama zagin ta zare kwandon ta yi ciki, ka ji wuƙa ta fara aiki. Da rabon nan suke cin miya duk ɗari, abin da ya ragu ta shanya ya kai su damina.

Sai muguwar shekara ta zo. Gwaggo ta riga ta rasu. Damina ta yi gardama, gero bai yi ba, ruwan rijiya ya yi ƙasa har igiya sai ƙari ake mata. Tsutsa kuma ta shiga tumatir, ka gan shi ja sumul, ka fasa ka tarar da baƙi a ciki. Shu ɗaya sai in yanka shi gida huɗu. A shekarar na koyi shimfiɗa ganyen waje a ƙarƙashin tsibi don ya ɗan tashi, ido ya samu abin kallo ko da ciki bai samu ba. Mutane suna da yara, ga tsadar hatsi. Wanda bai taɓa ƙirga tsibi ba ya fara ƙirgawa, kamar dai yadda kuka yi.

A cikinmu akwai Hajiya Balki, matar wani Alhaji mai motocin ɗaukar rake. Ba don miya ta shiga ƙungiya ba, don a ce da ita ne, mai aikinta ce ma ke zuwa ban ruwa. Kada ku ɗauki alhakinta, ba marowaciya ba ce. Kyauta gare ta kamar me, sai dai kyautarta ba ta iya tafiya sai da 'yan rakiya. Rannan na gama kasawa, ana jiran mai wucewa, sai ta gyara mayafi ta ce, “Ni fa jama'a gaskiya nake so. Rijiya baki gare ta? Kowa ya san inda tsibin nan yake zuwa. Don me za a rage wa masu yara a wannan shekara? A fitar da igiyar nan a ƙara wa mutane. Tsohon kuma ni na ɗauke shi, shinkafa da mai, fisabilillahi.”

Wuri ya ɗauki “Allah ya saka, Hajiya.” Na ce, “Hajiya, ba zai karɓa ba.”

Ta ce, “Haba Tasalla, in shi bai karɓa ba ai yunwa za ta karɓa.”

Na ce, “Ba ki san shi ba.”

Ta ce, “Ke dai kin saba da wahalar da kanki. Abin alheri ne za a yi ta ɓoyewa kamar kayan sata?”

Aka ɗaga hannu, suka rinjaye ni. Ban ga laifin masu yara ba, ɗan ƙarin da za su samu bai fi albasa ɗaya ba, amma a shekarar albasa ɗaya ma abu ce. Na ciro igiyar na ƙulle a haɓar zanena.

Washegari bayan an sauko Juma'a aka ɗunguma. Hajiya a gaba cikin leshi, mota ɗauke da buhun shinkafa da jarkar mai, mata a baya, wata ta ɗaga salula sama tana ɗauka. Na bi su don ba yadda zan yi. Kafin mu isa unguwa ta fito, kun san Matamaye, mota ba ta tsayawa a lungu a rasa 'yan kallo. Baba Ilu na zaure a kan tabarma yana tufkar igiyar kaba, da ita yake ɗan rage zaman banza. Aka sauke buhu a gabansa, tim. Hajiya ta durƙusa, da ladabinta kuwa, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji ta ce, “Baba, mun ga halin da kuke ciki. Daga yau ka huta da amsa tambayoyin Tasalla, dama dabara ce ta kawo muku taimako. Yanzu a fili za a yi, ba ɓoye-ɓoye. Ga wannan, in ya ƙare a aiko.”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bai daina tufka ba. Sai da ya kai ƙarshen zaren ya ɗaure, sannan ya ce, “Abu, kawo wa baƙi ruwa.” Aka kawo, aka sha. Ya ce, “Hajiya, an gode, Allah ya ba da lada. A mai da kayan mota, akwai mabuƙata a gari.” Ta ce haba Baba, ta ce don Allah, ta ce don Annabi. Ya ja jikinsa da hannu biyu ya juya fuskarsa bango. Mai salula ba ta daina ɗauka ba sai da na buge mata hannu. Buhun da aka sauke da guɗa, shiru aka mai da shi.

Alhamis ta zagayo, na kwance haɓar zane na mai da igiyar cikin ƙwarya a gaban kowa. Mai wucewa ya jefa ta kan tsibi kamar kullum. Na ɗauki rabon rijiya na nufi gidan. Abin haushi, ranar ba sai na saƙa komai ba, don kuwa da gaske guga ya fara fitowa da yashi, gefen rijiya na zubewa daga ƙasa. Na yi sallama, na ajiye kwando gefe, na durƙusa na ce, “Baba, rijiya ce ta kawo ni.”

Ya ce, “Tasalla, zauna.” Bai taɓa ce min in zauna ba. Ya ce, “Kina tsammani ban sani ba? Tun ranar da Hurera ta zo ta ce min wai rijiya tana tari na san ƙarya kuke. Rijiyar da na gina da hannuna? Na sani, ku ma kun san na sani. Amma muddin ba a faɗa ba, ni magini ne ana biyana. Yanzu an faɗa a gaban unguwa. In na ci wannan, me na ci?”

Na ce, “Baba, wallahi yau da gaske ne, yashi take fitarwa.”

Ya tambaye ni kalar yashin, ya tambaye ni ta wane gefe yake zubowa. Na faɗa masa. Ya ce a daina ja da yamma, a samu mai ƙarfi ya shiga ya yashe ta, a tokare gefen gabas kafin ta ci mutum. Ya faɗi yadda za a yi dalla-dalla. Na yi godiya, na kai hannu zan jawo kwando. Ya ce, “A'a. Wannan kyauta na ba ku, fisabilillahi. Ɗauki kayanki.”

Na waiga bayan ƙofa. Iya Abu na tsaye inda ta saba tsayawa, hannunta a naɗe. Na ɗauki kwandon na fito, nauyinsa ya fi na zuwa.

Asabar da sassafe muna bakin rijiya, hannu a hammata saboda ɗari, sai ga Iya Abu da tsohon bokiti. Tsohuwar da bayanta ya riga ya tanƙware, tana tafiya tana hutawa. Ta miƙo min wata tsatsattsiyar ƙusa ta ce, “Ga alamarmu. Gidan Ilu ya shiga ƙungiya. Nuna min fangalina.” Na ce, “Iya, ki zauna a inuwa, za a yi miki.” Mata suka yo caa, wannan ta kama bokiti, waccan ta kama guga. Ta riƙe abinta gam ta ce, “Ya ce in wani ya ɗaukar min ko sau ɗaya, kada in shigo masa da ko ganye.” Kuma mun san zai tambaye ta, mun san ba za ta yi masa ƙarya ba.

Haka ta yi ban ruwa har ƙarshen ɗarin nan, safe da yamma, rabin bokiti rabin bokiti, mu muna kallo ba halin taimako. Ƙafafunta suka tsage har suna jini, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Na ba ta fangalin da ya fi kusa da rijiya, iyakar abin da na iya ke nan, shi ma sai da na ce ƙuri'a ce ta ba ta. Hajiya Balki ta zo sau ɗaya ta tsaya a bakin shinge, ta daɗe tana kallonta, ba ta shigo ba. Ran Alhamis ƙusa ta faɗa kan tsibi kamar na kowa, Iya Abu ta ɗaure kwandonta ta ɗora a ka da kanta. Tarin da ta ɗauka a kwarin nan bai sake ta ba, ba ta ga damina ba. Baba Ilu ya bi bayanta kafin a yi girbi. Ban ce buhun shinkafa ne ya kashe su ba, kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansu. Amma na san abin da ya fito da tsohuwa cikin ɗari, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Igiyar kuwa ban sake fitar da ita ba, ba kuma wanda ya sake tambayata inda rabonta ke zuwa, sai ku. Gidan Ilu ba shi kaɗai ne gida mai zuciya a garin nan ba. Kowace shekara akwai inda tukunya ke tafasa da ruwa zalla, masu gidan kuma su fito da wankakkun kaya suna amsa gaisuwa da “lafiya lau.” Aikin mai rabo ne ta gano gidan ba tare da ta tambayi kowa ba, ta samo musu abin da za a ce ladansa ne, ta kai, ta sha zagi in ya kama, ta dawo ta rufe bakinta har kabari. Ba zan ba ku misalin dabarun ba, kada wani ya tuna wani abu. Sabi'u, na ji ka ce in ma taimako ne a rubuta sunan mai karɓa a riƙa sanarwa a taro don a san ba cinyewa nake ba. Da kyau. Hajiya Balki ma gaskiya take so.

Yanzu ku saurara, don ba zan maimaita ba. A cikinku nan da kuke zaune, akwai wanda miyar igiyar nan ce ta yi masa ƙashi da tsoka. Ɗari bayan ɗari ina kai kwando gidansu yana rarrafe a tsakar gida, kuma uwarsa ba ta taɓa sunkuyar da kai a gaban kowa a Matamaye ba. Mace ce ko namiji, ba za ku ji daga bakina ba. Kada ku kalli juna, ba za ku gane ba, shi kansa bai sani ba. A taron ƙungiya ma har da shi aka ɗaga hannu a fitar da igiyar, ina kallonsa.

Ga ƙwaryar nan na ajiye a tsakiya. Wanda ya tabbata ba shi ba ne, ya sa hannu ya fitar da igiyar.